Sawun Moton Fatahu

Duk wanda ya taɓa zama a tashar motocin Arlit ya san Fatahu, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Ni rumfar liƙin tayata tana bakin tashar, jikin inda direbobi ke fadarsu ta shan shayi, don haka na sha muryar nan fiye da kowa, kuma ba da son raina ba. Sunana Ahmudu, mutumin Tawa, shekara goma sha tara ina liƙa tayoyin jama'a a garin nan.

Fatahu ɗan Damagaram ne. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a ramin ma'adinin Akokan kafin a rufe shi. In ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya haƙa ramin da farcensa. Gaskiyar magana, aikinsa miƙa wa ma'aikata fitilar goshi ta taga in za su shiga, ya karɓa in sun fito. Ƙafarsa ba ta taɓa sauka ƙarƙashin ƙasa ba. Da aka rufe ramin, abokan aikinsa wasu suka koma gida, wasu suka nufi Cibarakaten neman zinariya. Shi kuwa ya sayi jan moto, wato babur, da ƙatuwar waya, ya dawo fada ya baje, yana kallon bidiyon Turawan nan masu ratsa hamada su kaɗai a kan moto.

"Dubi wannan Bature," in ji shi, yana cusa wa mutum wayar a fuska. "Dubi zamansa. Kuskure! Ba haka ake shiga rairayi ba. Da ni ne, da tuni na isa."

"Ka isa ina?"

"Ko'ina."

Matarsa Siddiƙa ta yi shekara uku tana sauraron wannan, tuyar ƙosanta kuma ita ke riƙe da gidan. Ranar wata Asabar haƙurinta ya ƙare. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa kamyon yayanta, babbar motar kaya, zai tashi zuwa Damagaram ranar Juma'a, in ranar ta zo bai kama wani aiki ba, da ita za a tashi. Ta sauko da akwatinta ta ajiye a tsakar ɗaki, a buɗe. Fatahu yana son matar nan, wannan kam ban taɓa shakka ba. Rannan ya zo fada jiki a sanyaye, ko wayar bai fito da ita ba.

Ana cikin shan shayi sai Alhaji Alkassoum, mai motoci huɗu da ke jigila zuwa wuraren zinariya, ya ce yana neman mai moto wanda zai riƙa kai wa motocinsa kayan gyara in sun lalace a daji. Fatahu ya miƙe tun Alhaji bai rufe baki ba.

"Alhaji, ka samu. Gobe in kana so in je maka Cibarakaten in dawo, ni kaɗai."

"Ni kaina ba ni zuwa Cibarakaten ni kaɗai," in ji Alkassoum. "Kuma a hanyar nan aka haife ni."

"To ai shi ke nan, Alhaji. Sabo ne ya sa maka tsoro. Ni ilimi gare ni."

Na ɗauka Alhaji zai kore shi. Amma mutum ne mai sanyin hali, kuma ya san halin da gidan Fatahu ke ciki, don ƙosan Siddiƙa yake karyawa da shi kullum. Ya ce akwai wata rijiya gaba da Gugaram inda ƙaninsa ke zaune da dabbobi, tafiyar rabin yini a moto. Fatahu ya kai masa sukari da ganyen shayi ranar Litinin, ya kwana, ya dawo Talata da cukun da ake yi a gidan. In ya dawo da cuku, aiki nasa ne.

"Wannan ai zuwa kasuwa ne," in ji Fatahu.

A ƙarshen tabarma akwai Baba Akoli, wani tsoho da ya yi rayuwarsa yana jan ayari, daga na raƙuma har zuwa na motoci. Bai cika magana ba, Hausar ma tsinta ya yi da girma. Ya share ƙasa da tafin hannu ya ce, "Zo, ɗana, in zana maka hanya."

Fatahu ya ɗaga waya. "Baba, zamanin zane a ƙasa ya wuce. Ni tauraron ɗan adam ke ja na."

"To," in ji Akoli, "ya ja ka lafiya."

Lahadi ya wuni a rumfata. Tayarsa ta baya tana da tsaga, na liƙa mata ƙyallen roba ta waje. Da na zo hura iska na tsaya a inda ya kamata.

"Ƙara," in ji shi.

"Fatahu, taya mai tauri nutsewa takai cikin rairai. Bar ta hakanga."

"Kai Ba'adare, aikinka hura iska ne, ba shawara ba. Ƙara!"

Na ƙara har sai da ta yi ƙara in an ƙwanƙwasa. Sai ya koma kan bidunansa, wato jarkoki, guda huɗu, biyu na ruwa, biyu na esansi, man fetur ke nan, duka rawaya. A nan kowa ya sani, bidon ruwa shi ake naɗe wa buhu a jiƙa don ruwan ya yi sanyi, na esansi kuwa a bar shi tsirara. Ta haka hannu ke bambance su ko ido bai duba ba. Fatahu ya naɗe duka huɗun, wai sun fi kyau a hoto.

Litinin da safe tasha ta cika. Ya ɗaure wa moton katifa, da tukunya, da buta, da kujerar ninkewa, da jakar dabino, da wata doguwar sanda ta ɗaukar hoto, har sai da moton ya koma kamar jakin ƙaura. Ya naɗa rawani irin na mutanen Abzin, wanda bai taɓa naɗawa ba a rayuwarsa, ya ɗora hular kwanon ma'adinai a sama, da fitilarta. Ya yi jawabi. Ya ce duk wanda ke da saƙo zuwa hamada ya ba shi yanzu. Ya buga moto, ya murɗa, wutsiyar rawanin ta shige ƙafar baya, rawanin ya kwance daga kansa yana juya shi, hular ta yi gabas, shi ya yi yamma, ya zube a gaban teburin mai burodi.

"Gwaji ne," in ji shi daga ƙasa. "Nauyin kaya nake dubawa."

"Yaya ka same shi?" in ji mai burodi.

"Daidai."

Kowa ya yi dariya ban da Siddiƙa. Tana tsaye can nesa da gyalenta. Da ya sake naɗi ya zo wucewa ta gabanta, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam." Ya ɗaga mata hannu ɗaya, moton ya yi tangal-tangal, ya mayar da sauri.

Da hantsi saƙon muryarsa na farko ya shigo wayoyin 'yan fada. "Jama'a, na wuce Gugaram. Ban ma tsaya ba. Hanya kamar tafin hannuna." Da azahar na biyu ya shigo, murya ƙasa-ƙasa, yana haki. "'Yan fashi ne, su bakwai. Sun tare ni, na nuna musu ni ba sa'ansu ba ne. Kada a gaya wa iyalina." Kafin la'asar unguwa duka ta ji, har da iyalin. Na ukun ya zo da sakaliya, rana ta yi sanyi. "Ga duwatsun Abzin a gabana, kamar in miƙa hannu in taɓa. A ce wa Alhaji ya shirya mini shayi." Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Baba Akoli ya saurari duka ukun ya ce, "Wurin da ya ce yana nan, waya ba ya magana."

Wani ya ce ƙila kan tudu ya hau ya sami rezo, waya ta kama. Akoli ya ci gaba da shan shayinsa.

Talata ta wuce, babu Fatahu. Laraba da sassafe Alkassoum ya kira ƙaninsa ta wayar tauraro. Ƙanin ya ce bai ga moto ba, bai ga mutum ba, bai ga sukari ba.

Akwai abu guda da ba a wasa da shi a garin nan. In aka ce mutum ya shiga daji bai dawo ba, aiki ya tsaya. Ba a tambayar ko ɗan wane ne, ba a tuna ko jiya ya zage ka. Direba ya sauke kayan da ya loda, fasinja ya sauko ba tare da gunaguni ba, don kowa ya san gobe yana iya zama shi ake nema. Rannan motoci tara suka fita. Cikinsu har da direban da ya bar matarsa tana naƙuda. Kuma duka gaba da Gugaram suka nufa, tunda bakin Fatahu ya ce ya wuce can, suna tafe gabansu na faɗuwa saboda zancen 'yan fashi. Da magariba suka dawo hannu rabbana, ɗaya motar ma janyo ta aka yi.

Na leƙa gidan Fatahu da yamman nan. Mata sun cika tsakar gida. Siddiƙa ta rufe akwatin ta tura shi ƙarƙashin gado, tana zaune a ƙasa, idonta ya kumbura. Abu ɗaya take maimaitawa, wai ita ta tura shi, ita ta kashe shi da bakinta. Wallahi tausayinta ya kama ni. Ni da na yi shekaru ina fatan Fatahu ya yi shiru, rannan na roƙi Allah ya dawo mana da surutunsa.

Alhamis bayan sallar asuba sai ga Akoli a rumfata da sandarsa.

"Ahmudu, kai ka liƙa tayansa. Zo ka nuna mini."

"Ina za mu, Baba? Ai jiya an duba ko'ina."

"An duba inda ya ce. Yau mu duba inda ya taka."

Muka fita a ƙafa, motoci na biye da mu a hankali. Siddiƙa ta ce sai ta je, Alkassoum ya sa ta a gaban motarsa. Kafin mu bar gari mutane sun fi ɗari a bayanmu. A bakin gari, inda sawun motoci da na awaki da na jakuna suka cakuɗe, ni ban ga komai ba sai ƙasa. Akoli ya duƙa ya nuna da sanda. Zanen taya ne, kowane taku biyu da ɗan tabo mai kusurwa huɗu. Na ce liƙina ne.

Ba mu yi tafiyar dafa shayi ɗaya ba Akoli ya tsaya.

"Nan ya faɗi. Ga kafaɗa, ga gwiwa." Muka ƙara gaba kaɗan. "Nan ma ya faɗi. Wannan karo moto ya hau shi." Muka ƙara. "Nan bai faɗi ba."

Jama'a suka ce alhamdulillahi.

"Zama ya yi ya huta. Faɗuwa na gaba yana can."

Ba wanda ya yi dariya. A zatonmu sawun mamaci muke bi, kuma matarsa tana jinmu.

Muka isa wani kori, wato busasshen rafi mai rairayi. Nan tayata mai tauri ta yi abin da na ce za ta yi. Ga ramin da ta nutse, ga inda ya yi ta haƙa da tukunya, ga tukunyar kanta a yashe. Gaba kaɗan ga katifa, sai kujerar ninkewa, sai sandar hoto. Mutane suka riƙa tsinta suna sakawa a mota. Daga tsakiyar korin sawun ya yi faɗi ya baje, sai na gane ya tuna da shawarata, ya sace iskar, amma duka ya sace, bai bar ko numfashi ba.

A ɗaya gaɓar Akoli ya nuna inda ƙafafu suka yi ta kai da kawowa wuri ɗaya. "Nan ya tsaya yana magana da waya. Hantsi ne, don inuwa ya bi."

Na ciro wayata na kunna saƙon farko. Muryar Fatahu ta fito: "Jama'a, na wuce Gugaram." Muka waiwaya gaba ɗaya. Ga tankin ruwan Arlit can, har ana iya karanta rubutun jikinsa.

"Ikon Allah," in ji wani direba. "Ashe Gugaram ta matso ba mu sani ba."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Alkassoum ya harare shi.

Gaba kuma Akoli ya duƙa a wani wuri da ƙasa ta yi ɓawo. Ya ɗebo ya shinshina. "Nan ya ƙara wa moto mai. Hancinsa yana cikin rawani." Ya sake shinshinawa. "Ruwa ne ya zuba." Ya yi taku biyar, ya sake duƙawa. "Nan ya zauna ya wanke fuska don ya ji sanyi." Ya shinshina, ya kau da kai. "Esansi."

"Wannan babban wurin fa da ƙasa ta hargitse?" in ji Alkassoum.

"Birgima."

Daga nan sawun moto bai sake tafiya shi kaɗai ba. A gefensa akwai sawun mutum, yatsu na nutsewa, alamar turi. Muka bi su rana na hawa, har muka iso gindin wata itaciyar ƙaya. Akoli ya daɗe a nan yana zagaye. Jikin kowa ya yi sanyi. Direbobi suka fara duban juna.

"Baba," in ji Alkassoum a hankali, "'yan fashin ne?"

"Su ne. Amma uku ne, ba bakwai ba." Ya nuna da sanda. "Kowane ƙafa huɗu. Jakuna ne, sun ji ƙanshin ruwa a jikin buhu. Ya ji motsi bayansa, bai waiwaya ba. Nan ya yar da moto. Dubi takunsa, daga nan zuwa can taku ɗaya ne. Ga takalmi guda. Ga inda ya hau."

Muka ɗaga kai. Can a reshe, cikin ƙaya, ga guntun rawani yana lilo.

"Jakuna sun ci dabino, sun kwanta inuwa. Shi yana sama. Sun daɗe, don ga kashinsu da yawa."

Nan kam abin ya fi ƙarfin kowa. Mai burodi ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Wani ya ce a sake kunna saƙon, aka kunna, muryar na raɗa tana cewa, "Na nuna musu ni ba sa'ansu ba ne," wurin ya sake rikicewa. Sai muka ji an buɗe ƙofar mota. Siddiƙa ce ta sauko. Kowa ya kama bakinsa.

"Baba," ta ce, "da ransa ya sauko?"

"Da ransa, 'yata. Ga shi nan ya sauko da mazaunai."

Ta rufe fuska da gyale tana kuka, tana gode wa Allah. Ita abin da ta zo ji ke nan.

Muka ci gaba. Sai na lura sawun ya fara karkata. Da farko gabas ya nufa, yanzu yana lanƙwasa kudu, yana komawa yamma, har rana ta dawo ta ɗaya kafaɗar. Na tambayi Akoli me ya juyo da shi. Ya ɗaga haɓa kawai. A gabanmu, dogo, baƙi-baƙi, ga tsibin ƙasar da aka yi shekaru ana fiddowa daga ramin Akokan. Mutumin nan ya yi shekara goma sha ɗaya yana kallon tsibin nan ta tagar aikinsa. Sau ɗaya ya gan shi ta baya, ya ce duwatsun Abzin ne.

Wannan karon direbobin da suka fita jiya ba su yi dariya ba. Sun fara lissafin inda muke.

A gindin tsibin akwai bukkar tabarma ta wata tsohuwa mai awaki, Dassin, wadda kowa ya sani a kasuwa da cukunta. Daga ƙofarta ana hango rufin gidajen Akokan. Jan moto yana jingine a jikin garken awaki, wani ɗan akuya na tsaye a kan kujerarsa. A inuwar bukkar kuwa ga Fatahu a kishingiɗe, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, yana tsince ƙaya daga damtsensa.

Ya ga motoci. Ya ga jama'a. Na rantse na ga dabara tana gudu a fuskarsa tana neman mafita. Ya yi zumbur, ya wawuri cuku daga kan shanya, ya nufo mu hannu biyu.

"Alhamdulillahi! Alhaji, yanzun nan na iso daga rijiya, na ce bari in ɗan huta. Ƙaninka na gaishe ka."

"Ina amsawa," in ji Alkassoum. "Ka ba shi sukarin?"

"Hannu da hannu."

"Sukari nan muka shanye shi," in ji wata murya. Dassin ce ta fito daga bukka tana gyara mayafi. "Ganye ma ya ƙare jiya. Shi ke dafawa, bai iya ba."

"Inna, ai wancan wani sukarin ne..."

"Cuku kuma nawa ne, ajiye. Ka ce za ka kai ka ce na rijiya ne. Na ce maka na rijiya nonon raƙumi gare shi, nawa na akuya ne, ko makaho ya ɗanɗana ya sani."

"Inna Dassin," in ji Alkassoum, "gari duka na neman mutumin nan. Me ya hana ki aiko?"

"Ni ban san ana nema ba. Tun Litinin ban je kasuwa ba, ba a barin baƙo shi kaɗai a gida. Ya zo ƙafa ɗaya ba takalmi, yana warin esansi. Baƙo ne. Ba a tambayar baƙo daga ina sai ya kwana uku." Ta ƙirga da yatsu. "Yau ne na uku. Dama yau zan tambaye shi."

Dariya ta fara tashi, amma tsohuwar ba ta gama ba.

"Shi dai ya sani. Jiya da safe ya hau tsibi, ya daɗe yana kallo. Ya sauko ya ce mini motoci tara sun fita gari. Na ce lafiya? Ya ce zazzaɓi ya kama shi, ya shiga bukka ya ja tabarma."

Dariyar ta mutu a take. Direban nan da ya bar matarsa tana naƙuda ya tako har gaban Fatahu, ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da yawu a gefe, ya koma motarsa.

"Ku saurara, jama'a," in ji Fatahu. "Dabara ce ta hamada. In 'yan fashi na bin mutum..."

"Mun gan su," in ji Akoli. "Ɗaya mace ne, yana da ciki."

Siddiƙa ta ratso jama'a. Fatahu ya yi murmushi, ya miƙa mata cukun, don ba shi da wani abin miƙawa. Ba ta karɓa ba.

"Malam, da ƙafa daga nan zuwa gida minti nawa ne?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon cukun.

"Da ka shigo ranar Litinin ƙafa ɗaya ba takalmi, ka ce na kasa, wallahi da na ɗora maka ruwan wanka na mayar da akwatin. Ba gwani nake nema ba. Kwana biyu ina cewa ni na kashe ka. Kana jin kiran sallar unguwarmu, ka bar ni ina faɗin haka."

Ta juya ta shiga mota. Alkassoum bai yi zancen aiki ba, ba wanda ma ya tambaya. Abin da ya ce, a gaban kowa ya ce shi, kuma ba da fushi ba: "Fatahu, daga yau in ka fita garin nan, ka fita da sanin ba mai bin bayanka." Direbobi suka gyaɗa kai. A shekara goma sha tara ban taɓa jin an faɗa wa wani wannan magana a Arlit ba, ko ɓarawo.

Katifa da tukunya da kujera aka sauke masa a ƙofar Dassin. Shi ya turo motonsa zuwa gari.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci kamyon ya tashi. Siddiƙa na gaba kusa da yayanta, ba ta waiwayo ba. Fatahu na tsaye a bakin tasha da moton, an zubar da ruwan tankin, na hura masa tayoyi da safe. Ya bi kamyon da ido har ya sha kwana, sannan ya juyo ga fada, ya gyara murya.

"Bin ta zan yi. Har Damagaram, a kan moton nan, ni kaɗai. Kafin su isa Agadas na riga su."

Ba wanda ya ɗago. Mai dafa shayi ya ci gaba da fifita gawayi.

"Yanzun nan zan tashi," in ji shi da ƙarfi.

Ya hau. Ya buga, moton ya tashi bugu ɗaya. Ya murɗa, ya sake murɗawa, yana kallon hanyar da ta miƙe ba iyaka, yana satar kallon tabarma. Akoli yana kurɓar shayi. Alkassoum yana duba farcensa. Ya kai minti biyar a haka, injin na kuka, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Sai ya kashe, ya turo moton zuwa rumfata, ya yi ƙasa da murya yadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Ahmudu, kamar tayar gaba ta yi sanyi. Duba mini."

Na danna ta da babban yatsa. Lafiyarta ƙalau. Na ɗago na dubi fuskarsa, idanunsa sun cika da hawaye, yana roƙona da su.

Na ce, "Ta sace. Sai an kwance ta."

Na kwance ta na rataye a rumfa. Wata na huɗu ke nan tana nan, kullum yana wucewa ta gabanta, bai taɓa tambayata ko na gama ba.